Wa'azi, Hurumi da Zafin Duniya

A Hajjin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami na Makka, kuma hukumomin Saudiyya da bakinsu suka ce alhazai 1,301 ne suka rasu, galibinsu waɗanda suka shiga ba da takardar izinin Hajji ba, suka yi ta tafiyar ƙafa a tsakar rana, babu tanti babu mota. Wata biyu kafin nan, cikin goman ƙarshe na azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, babban asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa sama da 100 a kwana huɗun farko na Afrilu. Masanan da suka bi diddigin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar da ayyukan ɗan Adam suka jawo wa duniya ba, da bai kai haka ba. Da damina ta kankama, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Sauyin yanayi ke nan ya shigo har cikin ibada: ya taɓa Hajji, ya taɓa azumi, ya taɓa ginin masallaci. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga malamai da limaman coci da sufaye na addinai daban-daban sun tashi tsaye a kansa. Abin tambaya shi ne, me tashin nasu ya haifar.

Amsar da hujjoji suka nuna ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi. Manyan sanarwowin da shugabannin addini suka sa wa hannu a otal-otal na manyan birane ba su sauya abin a-zo-a-gani ba. Inda addini ya yi aiki na haƙiƙa, za ka tarar malami ne da mutane suka san gidansa, ya ɗauki hukunci ya ɗora shi a kan wani wuri takamaimai, da wani aiki takamaimai, kuma bai manta da abin da mutanen za su sa a bakin salati ba. Wannan ma rabin aikin ne, domin talakan da ake yi wa wa'azi ba shi ya ɗumama duniya ba.

A fara da sanarwowin, tunda su aka fi yayatawa. A watan Yunin 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', inda ya haɗa lalacewar muhalli da zaluntar matalauta a matsayin matsala guda. A watan Agustan shekarar, malamai da masana Musulmi daga ƙasashe kusan 20 suka taru a Istambul suka fitar da Sanarwar Musulunci kan Sauyin Yanayi, wadda ta nemi ƙasashe masu arziki da masu haƙo man fetur su jagoranci daina fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya kafin tsakiyar wannan ƙarni. Muftin Lebanon da na Uganda da shugaban majalisar malaman Indunusiya suna cikin waɗanda suka mara mata baya. Dukansu an shirya su ne domin taron yanayi na Paris na watan Disamba, kuma ba za a ce ba su ƙara wa taron nauyi ba. A Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da wani kundin a Nairobi mai suna Al-Mizan, wanda ya fi na Istambul tsawo da zurfin fiƙihu. Rubuce-rubuce ne masu kyau. Amma hayaƙin da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal ya fi na 2015 yawa a yau. Wani bincike da aka yi a Amurka bayan wasiƙar Fafaroma ya gano abin da ya kamata kowane mai wa'azi ya yi wa kansa tanadi a kai: Katolika masu ra'ayin riƙau da suka ji labarin wasiƙar ba su sauya ra'ayi kan yanayi ba, sai ma suka rage yarda da Fafaroman a kan wannan batu. Idan maganar shugaban addini ta ci karo da siyasar mabiyi ko aljihunsa, sau da yawa shugaban ake ragewa daraja. Mu kuwa a nan, ka zagaya masallatan Juma'a daga Gusau har Tawa ka tambayi limamai labarin Sanarwar Istambul, da wuya ka cika yatsun hannu da waɗanda suka taɓa jin ta.

Sai a kwatanta da abin da ya faru a Misali, wani ɗan tsibiri da ke gefen Pemba a Zanzibar. Dubban masunta daga ƙauyukan Pemba ne ke cin abinci daga ruwan da ke kewaye da shi, kuma da kifi ya fara ja baya, wasu suka koma jefa nakiya a ruwa. Nakiya tana tashi kifi ya taso a mace, babba da ƙarami, ta kuma farfasa duwatsun murjani inda kifin ke ƙwai. Kamun yau ya yi yawa, na baɗi ya mutu. Gwamnati ta hana, aka yi kunnen uwar shegu da ita, domin teku da faɗi, ma'aikata kuma kaɗan ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, ƙungiyar CARE ta haɗa kai da wata gidauniyar Musulunci ta Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid, haifaffen Sri Lanka, ya kafa. Ba su kai wa masunta takardar bincike ba. Limaman ƙauyuka da malaman makarantun allo suka tara, aka zauna a kan ayoyin da kowa ya riga ya haddace, waɗanda ke magana a kan halifancin mutum a ban ƙasa, da ma'aunin da Allah ya kafa wa halitta, da hanin ɓarna. Limaman da kansu suka kai ga hukuncin cewa jefa nakiya ɓarna ce, suka hau mumbari suka faɗa da Swahili, daga baya aka buga littafin jagora domin malamai. Rahotannin aikin sun nuna jefa nakiya ya ragu ƙwarai a yankin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: masunci na iya kauce wa jirgin sintiri, amma limamin da ya raɗa wa ɗansa suna, wanda kuma zai sallaci gawarsa, yana nan a sahun gaba kullum da asuba. Sai dai masu ba da wannan labari sukan tsallake wani sashe nasa. Tare da wa'azin an kafa ƙungiyar masunta mai ruwa da tsaki a kula da tsibirin, an ware inda ba a kamu domin kifi ya hayayyafa, ana kuma mayar wa ƙauyuka wani kaso na kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya. Liman ya ce haramun ne, amma an buɗe wa mutum ƙofar halal a gefe.

Indunusiya ta gwada abin a babban mataki, sakamakon kuma ya fi koyarwa domin bai zo da tsabta ba. A 2015 gobarar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a ƙasar, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16. Yawancin wutar da gangan ake cinna ta domin share fili a dasa kwakwar manja ko itacen takarda, kuma idan ta kama ƙasar fadama mai tarin ruɓaɓɓen ganye, sai ta yi ta ci a ƙarƙashin ƙasa makonni, hayaƙi ya rufe makarantu har Singafo da Malesiya. A 2016 majalisar malaman ƙasar ta fitar da fatawa mai lamba 30, ta ce ƙona daji da ke jawo ɓarna haramun ne, haka nan ba da umarni da shi, da kawar da kai a kansa, da cin ribarsa. Aka horar da masu wa'azi a ƙauyukan Sumatra da Kalimantan. A 2019 wuta ta sake tashi, ta ci sama da hekta miliyan ɗaya da rabi. Mai neman kushe fatawa zai ce ga shi nan, ba ta hana komai ba. Amma a duba wa ke jin fatawa. Ƙaramin manomi da ke sallah bayan liman yana ji, kuma a wuraren da aka bi wa'azin da koyar da share gona ba tare da wuta ba, an ga alamar sauyi. Kamfanin da ke riƙe da dubban hektoci kuwa ba ya zuwa Juma'a. Shi kotu yake tsoro, da soke lasisi, da masu sayen kayansa. Fatawa tana da iyaka, kuma iyakar tana nan daidai inda mai laifi ya daina zama mutum ya zama kamfani.

A tsaunukan arewacin Habasha, inda noma da kiwo suka share kusan dukkan dajin asali, abin da ya rage shi ne ƙananan kurmi da ke kewaye da majami'un Orthodox, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da 35,000. Aƙida ce ta tsare su ɗaruruwan shekaru, domin a wurinsu coci ba ta cika sai da itatuwa. Duk da haka masanin daji Alemayehu Wassie ya nuna kurmin na ƙanƙancewa daga gefe: garma tana ɗan shigowa kowace shekara, shanu suna cinye tsiro. Ba wanda ya yi niyyar saɓo. Maganin da ya yi aiki shi ne katangar dutse, wadda limamai da mabiya suka gina da hannunsu. Tsarkin wurin ya hana gatari, amma sai da katanga aka hana saniya.

Misalin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi kowanne girma, yana Maraɗi. Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ne, masanin noma, wanda ya zo Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Aikinsa dashen itatuwa, kuma kamar sauran ayyukan dashe na wancan zamani, yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi: rana ta ƙona, iska ta binne, awaki su ƙarasa. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a 1983, yana gab da yanke ƙauna, ya tsaya a hanya domin rage iskar taya saboda yashi, ya roƙi Allah ya nuna masa mafita, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen, sai ya ga toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Gonakin da ake gani fayau cike suke da irin waɗannan kututture na kalgo da sabara da gawo da magarya, sai dai kowace shekara a lokacin sassabe ana datse tohon a ƙone. Dabarar ba ta da tsada: manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya sassabe sauran, ya kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, itacen yakan tashi da saurin da dashe ba ya yi. Sassabin zamani, in ji mutanen yankin. Da farko dariya aka yi masa, domin a al'ada gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, lokacin da aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare, mafi yawan manoma suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga iska ta daina binne musu shukar gero, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itacen girki, dabbobi sun sami 'ya'yan gawo da rani, gawon kuma, da yake yana zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana ba, taki ma ya ƙara masa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan Adam da binciken Chris Reij da Gray Tappan suka nuna kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200, tare da ƙarin hatsin da aka ƙiyasta da tan 500,000 a shekara. A 2018 Rinaudo ya karɓi kyautar Right Livelihood a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Wane rabo addini ke da shi a wannan nasara? Ba shi ne duka ba, kuma faɗin haka ba rage wa kowa daraja ba ne. Manoman da suka yi aikin kusan dukansu Musulmi ne, ba su kuma bar itace a gona don wani ɗan mishan ya yi addu'a ba. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya manoma da yawa sun kama hanyar da kansu. Ruwan sama ya ɗan dawo bayan farin shekarun 1970 da 1980. Mafi muhimmanci, dokar da aka gada daga Faransa, wadda ta mayar da itace mallakar gwamnati har ma'aikacin gandun daji na iya cin manomi tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa, ta yi sanyi a aikace, daga baya kuma aka gyara ta. Wanda bai mallaki itace ba ba zai raine shi ba, ko da an karanta masa ayoyi dubu. Abin da imani ya bayar shi ne mutumin da ya zauna shekara goma sha bakwai a wuri guda, ya iya Hausa, ya jure dariya, bai tattara kayansa ba ranar da kuɗin aikin shekara uku ya ƙare. Wannan juriya ita ce abin da ayyukan raya ƙasa suka fi rasawa, kuma ita ce masallaci da coci suke da ita a yalwace, domin su ba su da ranar rufe ofis.

Akwai masu cewa duk wannan shiga hurumin Ubangiji ne: ruwa da fari da zafi na Allah ne, bawa ba shi da ta cewa sai haƙuri da addu'a. Wannan magana tana da kaso na gaskiya da ba mai imanin da zai musa, amma fiƙihun da muka gada bai tsaya nan ba. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, a babin sallar roƙon ruwa, sun ce shugaba ya umarci jama'a da tuba da mayar da haƙƙoƙin da aka danne kafin a fita fili. Ma'ana, malaman da suka rubuta su sun ɗauka cewa akwai alaƙa tsakanin abin da hannun mutane ya aikata da abin da ke sauka a kansu, kamar yadda aya ta 41 a Suratur Rum ta nuna. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya yi roƙon ruwa, amma kafin nan ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da ayarin abinci, ya kafa wuraren ciyarwa a Madina, ya jinkirta karɓar zakka. Annabi Yusuf bai ce wa Masarawa su jira ƙaddara ba, rumbu ya sa aka gina. Hatsarin da ke cikin tsayawa a kan ƙaddara kaɗai ya fito fili a Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Ruwan sama ya yi yawa a shekarar, gaskiya ne. Amma madatsar ta taɓa ɓallewa a 1994, an kuma yi ta kokawa a kan lalacewarta kafin ta sake. Wanda ya ce wa mutanen unguwar Gwange wannan daga Allah ne ya yi shiru, ya yi musu ta'aziyya, ya kuma wanke duk wanda gyaran madatsar ke wuyansa.

Wasu kuma suna ganin batun yanayi ajandar Turawa ce da aka naɗa wa rawani. Ba za a kore wannan zargi da dariya ba, domin kuɗin yawancin ayyukan daga waje suke zuwa. Shirin da Maroko ta fara na sa wa ɗaruruwan masallatai faifan sola da fitilu masu tsimin wuta, har da masallacin Kutubiyya na Marrakesh, da tallafin Jamus aka yi shi. Mun kuma san abin da rashin yarda ke iya yi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin an gurɓata maganin, a garin da bai manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Ba a dawo ba sai da aka samo maganin daga Indunusiya, kuma ba a ci nasara ba sai da Sarkin Musulmi da sarakuna da malamai suka ɗauki abin a matsayin nasu, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a 2020. Darasin biyu ne: mumbari na iya rufe ƙofar da gwamnati ba ta iya buɗewa, yana kuma iya buɗe ta. Binciken Afrobarometer na 2022 ya gano kusan mutum 3 cikin 10 ne kawai a Nijeriya suka taɓa jin batun sauyin yanayi, alhali kowane manomi ya san damina ta rikice. Wanda zai haɗa masa abin da yake gani da sunan abin, dole ya zama wanda ya yarda da shi. Game da asali kuwa, keɓe fili domin amfanin jama'a ya girmi Turai ta yau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Umar ya keɓe Rabaza, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 akwai irin waɗannan wurare kusan 3,000 a Saudiyya kafin su ragu zuwa 'yan ƙalilan. A nan gida, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa da hurumin gari da na rijiya. Makiyaya da burtali da kurmin bayan gari da kakanninmu suka bari ba wata ƙungiyar waje ce ta shata su ba. Mu muka cinye su.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na adalci, kuma a nan ne harkar ta fi rauni. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Mutumin Nijar, a matsakaici, yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara, ɗan Nijeriya ɗan sama da rabin tan, Ba'amurke wajen tan 14, mutumin Ƙatar sama da tan 30. Idan aka taƙaita himmar addini a kan yi wa mai gawayi da mai tuyar ƙosai faɗa, an ɗora wa mai ƙaramin laifi babban kaya, an kuma kyale wanda ya tara kayan. Matar da ke girki da itace ba ƙiyayya take yi da daji ba, kuɗin gas ne ya fi ƙarfinta. Kula da itatuwa da hurumi yana taimakon mutanenmu su jure abin da ke zuwa, wannan kuwa babban abu ne, amma ba zai rage zafin Makka da digiri ko ɗaya ba. Wannan sai an taɓa masu haƙowa da masu ƙonawa. A wannan fage Kiristoci sun yi gaba. Majalisar Majami'u ta Duniya ta yanke shawarar kauce wa zuba jari a kamfanonin mai tun 2014, Cocin Ingila ta sanar da janye nata daga manyan kamfanonin mai da gas a 2023, bishop-bishop na Filifin sun ja daga da kwal. Wasu sun biya da ransu: an harbe Sista Dorothy Stang a jihar Para ta Brazil a Fabrairun 2005, tana da shekara 73, saboda tsayawa tare da ƙananan manoma a gaban masu sare dajin Amazon domin kiwo. A ɓangaren Musulmi akwai yunƙuri, kamar janye jarin da babbar ƙungiyar Musulmin Arewacin Amurka ta sanar a 2016, da takardun sukuk na ayyukan muhalli da gwamnatin Indunusiya ta fara sayarwa a 2018 kan dala biliyan 1.25. Amma cibiyoyin fatawa mafi ƙarfi da masu ba da tallafi mafi yawa suna zaune ne a ƙasashen da baitulmalinsu mai ne. A taron yanayi na Dubai a 2023 an buɗe rumfar addinai karo na farko, an yi jawabai masu daɗi, shugaban taron kuwa shi ne shugaban kamfanin man Abu Dhabi. Malamin da ke karɓar tallafin gina masallaci daga can zai yi tunani sau biyu kafin ya karanta sakin Sanarwar Istambul da ya ambaci masu haƙo mai.

Mu ma ba a wajen wannan tarko muke ba. Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai. A Nuwamban 2022 aka yi bikin fara haƙo mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, Arewa ta yi murna. Nijar ta fara tura ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. Ba adalci ba ne a ce wa Nijar, ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, ta bar manta a ƙasa, alhali waɗanda suka ƙona nasu shekara ɗari biyu sun tara alƙawarin dala miliyan 700 kacal a Dubai domin asusun biyan asarar da yanayi ya jawo, kuɗin da ba su kai ɓarnar ambaliyar 2022 a Nijeriya kaɗai ba. Amma malami na da damar tambayar inda kuɗin man ke zuwa, da ko wani abu daga ciki na komawa ga gyaran madatsa da magudanar ruwa da saukaka gas ɗin girki. Wannan tambaya ce ta amana, babi ne da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani.

Abin da ya rage shi ne a lura da yadda wata fatawar Indunusiya mai lamba 86 ta 2023, wadda ta haramta sare daji ba ƙa'ida da duk aikin da ke ta'azzara rikicin yanayi, ta samu. Ƙungiyoyin muhalli ne suka kai wa majalisar malamai tambaya a rubuce, malaman suka je wuraren da abin ya shafa, suka saurari masana da mazauna kafin su yi hukunci, suka kuma jera abin da ke kan gwamnati da majalisa da 'yan kasuwa, ba talaka kaɗai ba. Muna da majalisun da za a kai wa irin wannan tambaya, daga Jama'atu Nasril Islam a Kaduna har ƙungiyoyin malamai na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Idan aka tambaye su ko kula da muhalli abu ne mai kyau, za su ce eh, kowa ya watse. Tambayar da za ta yi aiki ita ce wadda ke da wuri da mai laifi: hukuncin hakimin da ya yanka burtali ya sayar, da na jami'in da ya sa hannu aka yi gini a kan hanyar ruwa, da na attajirin da ke loda tirelolin gawayi daga dajin da ba nasa ba, da ko ya halatta a karɓi gudummawarsa a ginin masallacin garin da dajin yake.